Cokalin Baftisma

Ranar 17 ga Disamba, 1566, aka yi wa wani jariri baftisma a fadar Stirling ta ƙasar Skotlan. Mahaifiyarsa ita ce Sarauniya Mary, shi kuma James ne, wanda daga baya ya haɗa sarautar Skotlan da ta Ingila. Uwar baftismarsa Sarauniya Elizabeth ta Ingila ce. Ba ta zo da kanta ba, amma ta aiko manzo da daron baftisma na zinariya, nauyinsa oza 333, wato wajen kilo 10. Ba a cika wata shida ba daron nan ya shiga wuta. Manyan ƙasa sun juya wa Mary baya, tana neman abin biyan sojoji, sai ta aika da shi gidan buga kuɗi na Edinburgh aka narkar.

Duk wanda na ba wannan labari sai ya ce kaico. Ni abin da ke yi mini zafi a ciki shi ne dukiyar yaro ce aka kashe a yaƙin manya. Narkarwar kanta ba ta zo wa mutanen wancan zamani da mamaki ba. Sun san abin da suke miƙawa ranar baftisma: dukiya ce aka ƙera ta da kyau, ta zauna a gida tana jiran ranar da yaro zai buƙace ta. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ni 'yar Wusasa ce ta Zariya. A cocin Anglican aka yi mini baftisma ina cikin zanen goyo, aikin jinya kuma ya kawo ni Birmingham, inda na daɗe har na fara furfura. A nan abokan aiki da 'yan cocinmu sukan roƙe ni in zama uwar baftismar 'ya'yansu, kuma kowane karo sai na tsaya gaban kanti ina tunanin abin da zan kai. Cokali nake gani ko'ina, ƙaramin cokali a akwati mai shimfiɗar ƙyalle. Neman dalilin cokalin nan ne ya ja ni cikin tarihin.

Ba a gane kyautar sai an gane mai bayarwa. Tun wajen shekara ta 200, Tertullian, malamin ikilisiya na birnin Carthage da ke Tunisiya ta yau, ya ambaci mutanen da ke tsaya wa yara a wurin baftisma suna ɗaukar alkawari a madadinsu. A hankali tsayawar nan ta zama zumunci mai ƙarfi kamar na jini. A 530 Sarki Justinian na daular Rumawa ya hana mutum ya auri 'yar baftismarsa. A 813 taron limamai a Mainz ta Jamus ya hana iyaye su tsaya wa 'ya'yan da suka haifa, dole a nemo wani daga waje. Wannan doka tana burge ni ƙwarai. A ganina, ikilisiya ta duba ta ga cewa uwa da uba ba su isa su zama iyakar gatan yaro ba a duniyar da annoba da yaƙi da naƙuda ke kwashe iyaye da wuri. Sai ta sa kowane jariri ya shigo rayuwa da ƙarin gida ɗaya ko biyu da zai iya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Mutane suka gane amfanin abin har suka yi yawa da shi, masu hali suna jera wa ɗa guda iyayen baftisma rututu don neman alfarma. Taron limamai na Trent ya rage wa Katolika su zuwa mutum ɗaya, in an yi yawa namiji da mace, a 1563. Littafin Addu'a na Ingila na 1662 kuma ya tsaida uku: ɗa namiji maza biyu da mace ɗaya, 'ya mace mata biyu da namiji ɗaya. Littafin ya so a kawo jariri coci a Lahadi ta fari ko ta biyu bayan haihuwa. A lokacin maijego tana ɗaki, ba ta fita sai ta yi kusan wata guda, don haka ungozoma da iyayen baftisma ne ke ɗaukar yaro su kai. Su liman ke tambaya sunan yaro, kuma sau da yawa babban cikinsu sunansa yake ba shi. Su ne ke yin alkawarin yaro zai koyi Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma da shaidar bangaskiya, kuma za su kai shi gaban bishop don tabbatarwa in ya yi hankali. Kyautar da suke bayarwa shaida ce ta wannan alkawari, abin da za a iya taɓawa da hannu.

To me ya sa cokali? A Ingila ta wancan lokaci mai gida ba ya jera wa baƙo cokali. Kowa da nasa yake yawo, da 'yar wuƙarsa. Cokali mai yatsu ma bai shigo ba sosai sai bayan 1600, kuma da farko dariya ake yi wa mai riƙe shi. Talaka na katako yake ci da shi ko na ƙaho, mai ɗan hali na dalma. Saboda haka in ka ba yaro cokalin azurfa ka ba shi abin da zai riƙa ɗauka kullum har tsufa, a gidansu, a gidan maigidan da zai koyi sana'a, a ɗakin aurensa. Girman cokalin ma na babba ne, tsawonsa wajen taƙi guda. Jariri ba zai iya riƙe shi ba, kuma ba a damu ba. Mutumin da jaririn zai zama ake yi wa kyautar.

Daga ƙarshen ƙarni na 15 aka fara ƙera wani iri da ya fi kowane suna, cokalin manzanni. Bakinsa mai siffar ɗan ɓaure, mariƙinsa siriri mai kusurwa shida, a can ƙarshe kuma an liƙa ɗan mutum-mutumin manzo guda da aka wanke da ruwan zinariya, da faifai a kansa wanda sau da yawa ake zana wa kurciya. Da abin da ke hannunsa ake gane kowane manzo. Bitrus da mabuɗi, Andarawus da karkataccen gicciye, Yohanna da ƙoƙo, Yakubu da sandar matafiyi, Siman da zarto, Bartalamawus da wuƙar fiɗa, domin al'adar ikilisiya ta ce da ita aka kashe shi. Cikakken jeri goma sha uku ne, manzanni goma sha biyu da na Almasihu. Attajiri kaɗai ke iya ba da jerin duka. Mai matsakaicin ƙarfi ya ba da kaɗan daga ciki, mafi yawa kuma guda ɗaya, na manzon da yaro ya ci sunansa ko na takwaran mai bayarwa. A bayan cokalin ake ɗiga haruffan farko na sunan yaro, wani lokaci da na uban baftisma da shekarar. Cikakkun jeri kaɗan ne suka tsira zuwa yau. Akwai na wajen 1536 a gidan tarihi na British Museum a Landan, akwai kuma wanda Babban Bishop Matthew Parker ya bar wa kwalejin Corpus Christi ta Cambridge. Na tsaya gaban irin cokulan nan a bayan gilashi, abin da ya fi kama ni shi ne gefen bakin wasunsu ya cinye ta ɓangare guda, inda shekara da shekaru ake kankarar gindin kwano da hannun dama. An ci abinci da su.

Al'adar ta zama ruwan dare har ta shiga wasan kwaikwayo. A wasan Shakespeare kan Sarki Henry na 8, da sarki ya nemi Babban Bishop Cranmer ya zama uban baftismar jaririya Elizabeth, Cranmer ya nuna bai cancanta ba, sai sarki ya tsokane shi da cewa tsoron kuɗin cokula ne. Masu kallo a 1613 ba su buƙaci a yi musu bayani ba. A zahiri kuwa, ranar 10 ga Satumba, 1533, a Greenwich, kofin zinariya Cranmer ya ba jaririyar. Ita kuma da ta hau gado ta tsaya wa yara fiye da ɗari.

Akwai abin da ya sa cokalin ya zama ajiya ta gaske. Tun 1300 dokar Sarki Edward na 1 ta ce duk kayan azurfa da za a sayar sai ingancinsu ya kai na kuɗin ƙasa, wato azurfa kashi 925 cikin dubu, ragowar tagulla don ƙarfi, kuma sai an gwada an buga musu tambarin kan damisa. Daga 1478 aka ƙara harafi mai nuna shekarar gwaji, ana kai kaya zauren ƙungiyar maƙeran zinariya na Landan. Kenan cokalin da ke hannunka da sulallan da ke aljihunka ƙarfe ɗaya ne. Ko'ina ka je a ƙasar, maƙerin farfaru zai duba tambari, ya ɗora a ma'auni, ya ƙirga maka kuɗi. Kusancin ya kai har maƙera suna narkar da sulalla suna ƙera kwanuka, shi ya sa daga 1697 zuwa 1720 gwamnati ta ɗaga ingancin kayan ƙira zuwa 958 don a bar kuɗi su huta. A zamanin da talaka ba shi da banki, marainiyar da ke da cokalin baftismarta tana da abin jingina ranar da aka matsa.

Wanda ba shi da azurfa fa? Tsofaffin wasiyyoyin manoman Ingila cike suke da amsa: wane ya bar wa ɗan baftismarsa tunkiya, wance ta bar wa tata ɗan rago ko 'yan kwabbai. Shakespeare kansa, a wasiyyarsa ta 1616, ya bar wa ɗan baftismarsa William Walker sule 20 na zinariya. Zumuncin bai ƙare ranar biki ba, har bakin kabari ana tunawa da yaron.

Ba kowa ne ya riƙe shi da zuciya ɗaya ba. Samuel Pepys, ma'aikacin ofishin jiragen ruwan yaƙi da ya bar mana littafin abin da ya yi kowace rana, ya rubuta cewa ranar 29 ga Mayu, 1661, ya tafi Walthamstow tsaya wa wani jariri da cokulan azurfa shida da ƙaramin kwanon azurfa a aljihu. Ya ba ungozoma sule 10, mai reno sule 5, 'yar aikin gida sule 2. Amma ya sa ran shi zai raɗa wa yaro suna, sai aka kira shi John, don haka ya riƙe azurfarsa ya ce sai ya ƙara shawara. Wannan hali bai yi mini daɗi ba, don yaro bai yi masa laifin komai ba. Sai dai ya nuna yadda suna da kyauta suke ɗaure da juna a lokacin: wanda ya ci sunanka nauyinsa na wuyanka.

Lokacin da Pepys ke wannan tafiya cokalin manzanni ya riga ya fara ɓacewa. Yaƙin basasa da ya tashi a 1642 ya cinye azurfa mai yawa, ɓangaren sarki da na majalisa kowa na narkarwa don biyan mayaƙa, har kwalejojin Oxford suka miƙa wa Sarki Charles kwanukansu. Masu tsattsauran ra'ayin addini da suka yi rinjaye kuma suna ganin ɗan mutum-mutumin nan gunki ne. A 1645 suka soke Littafin Addu'a na lokacin, sabon tsarin da suka kawo bai san da iyayen baftisma ba, uba ne ke miƙa ɗansa. Cokalin da aka ƙera a shekarun nan mariƙinsa fayau yake ba ado. Sarauta ta dawo a 1660, iyayen baftisma suka dawo, amma manzanni ba su koma kan cokali ba sai can a zamanin Sarauniya Victoria, lokacin sun zama adon cokalin shayi. Abin da ya cike gurbin shi ne cokali marar hoto, da kofi, da wani abin wasa na azurfa mai ƙananan ƙararrawa da sandar jan murjani a ƙarshe. Yaro ya ciza murjanin lokacin fitar haƙori, iyaye kuma suna ganin yana kare shi daga kambun baka, imani da ya faro tun zamanin Rumawa.

Daga nan labarin ya iso garin da nake zaune. A 1773 Birmingham ta samu nata ofishin gwada azurfa, bayan Matthew Boulton ya dage a majalisa, tambarinta kuma angar jirgin ruwa ce duk da cewa garin ba ya kusa da teku. A 1840 gidan Elkington na nan garin ya yi rajistar hanyar shafa wa ƙarfe mai araha ruwan azurfa da lantarki. Kafin a ce haka, kofin baftisma da akwatin wuƙa da cokula sun shiga gidan malamin makaranta da na akawu da na mai kanti. Ba zan raina wannan ba. Na san daɗin da mutum mai ƙaramin albashi ke ji in ya miƙa abu mai ƙyalli ba tare da kunya ba. Amma an yi asarar wani abu. Cokalin shafe yana da kamannin na da, sai dai in ka kai shi ma'auni babu abin da za a ba ka, in an yi ta gogewa kuma ƙarfen ƙasa ya leƙo. Ajiyar ta bar cokali ta koma takarda. A 1861 aka buɗe bankin ajiya na gidan waya, inda talaka zai sa sule guda da sunan yaro. A 1956 kuma aka fito da takardun ajiyar gwamnati da ake kira Premium Bonds, waɗanda kakanni kan saya wa jikoki.

A zamanin Victoria ɗin ne kyautar baftisma ta gidan sarautar Ingila ta faɗa hannun wata jaririya 'yar Legas. Mahaifiyarta Aina, Bayarabiya da mayaƙan Dahomey suka kama tana ƙarama, Sarki Ghezo na Dahomey ya ba da ita ga wani kyaftin ɗin jirgin Ingila a 1850, aka sa mata suna Sarah Forbes Bonetta, Sarauniya ta ɗauki nauyinta. A 1862 ta auri attajirin Legas James Pinson Labulo Davies a Brighton. Da suka haifi 'ya a 1863 aka sa mata Victoria, Sarauniya ta zama uwar baftismarta, ta ba ta kofi da faranti da wuƙa da cokula na zinariya. Ba na mantawa cewa shekara biyu kafin nan Ingila ta ƙwace Legas. Duk da haka ta fuskar alkawarin baftisma an cika: yarinyar ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Cheltenham, kuma Sarauniya ba ta yanke hulɗa da ita ba bayan rasuwar Sarah a 1880.

Mu a Wusasa cokalin azurfa bai iso mu ba. Abin da ya iso shi ne tsarin. Dakta Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, a 1929 mishan ta koma Wusasa, magina na gida suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa irin ginin Zazzau. Littafin Addu'a ya zo da ƙa'idar iyayen baftisma uku, muka karɓa. Ba duk Kiristan Arewa ke yin haka ba. 'Yan ECWA da Baptist ba sa yi wa jariri baftisma, miƙa shi suke yi ga Allah, sai ya girma ya nema da bakinsa. Anglican da Katolika da Lutheran na Numan ne ke da iyayen baftisma. Kuma muna yin suna kamar kowane gidan Hausa, a raba goro, mata su shigo da barka: sabulu, turmin atamfa, kayan jarirai. Amma barka ta maijego ce, kuma biki ce, ranar da mai kawowa ta haihu sai an mayar mata. Kyautar uwar baftisma ta yaro ce shi kaɗai, ba a kuma ramawa.

Tun da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, shi ne babbar kyauta a wurinmu. A shafin farko ake rubuta sunan yaro da ranar haihuwa da ranar baftisma da sunayen waɗanda suka tsaya masa, a lokacin da mutane da yawa ba su da takardar haihuwa. Uwar baftismata, wadda nake kira Inna, ƙawar mahaifiyata ce, ba ta yi boko mai zurfi ba. Ta sa malamin coci ya rubuta mini shafin, ta kuma ja 'yar akuya ta ɗaure a gidanmu ta ce ta yarinya ce, kada wanda ya taɓa. Inna ba ta taɓa jin labarin manoman Ingila da tumakinsu ba, amma tunaninsu ɗaya. Akuyar ta yi ta haihuwa. Daga zuriyarta aka sayar aka ɗinka mini kayan makaranta, daga ita aka biya kuɗin mota da akwati ranar da zan tafi koyon jinya. In na yi rashin ji kuma mahaifiyata ba ta dogon magana, cewa take yi, "Tashi ki je Innarki na kira." Can zan iske ta zaune a tabarma, ta ce, "'Yata, ni na tsaya gaban Allah na yi magana da bakinki. Kada ki sa ni ƙarya."

Yau in ka shiga kantunan nan za ka ga firam ɗin hoto, da 'yar tsana da aka yi wa surfanin sunan yaro, da ƙaramin akwatin ajiye haƙorin farko, da asusun shafe mai siffar jirgin ƙasa. Kusan duka na jariri ne, kafin ya shiga aji ɗaya an tura su ɗakin shirgi. Iyayen baftisma da yawa kuma ana zaɓensu don a girmama aboki, bayan ranar hoto yaro ba ya sake jin ɗuriyarsu. Abin yana damuna, domin a asibiti na ga yaran da uwa ta kwanta rashin lafiya babu wani babba na waje da za a kira musu.

Saboda haka ni na tsaida nawa tsari. Nakan je unguwar maƙeran ado ta Birmingham in sayi cokali na girman babba, na azurfa ta gaske. Gane ta ba wuya. Dokar 1973 ta ce duk abin da aka kira azurfa wanda ya kai giram 7.78 sai da tambari: alamar maƙeri, lambar inganci kamar 925, da alamar ofishin da ya gwada, damisa ta Landan, anga ta Birmingham, fure na Sheffield, ko ganuwa ta Edinburgh. In ka ga haruffan EPNS, shafe ne. Nakan sa a sassaƙa sunan yaro da shekara a mariƙi, haruffan sunana a baya yadda ake yi a da, don in ya girma ya tambaya ko wace ce. Nakan haɗa da Littafi Mai Tsarki mai rubutu a shafin farko. Akuya ba ta ɗauruwa a Birmingham, don haka iyayen su buɗe asusu da sunan yaro, ni kuma in riƙa zuba wani abu kowace ranar haihuwarsa, in kai takardar da ƙafata. Babbar cikin 'ya'yan baftismata ta gama sakandare bana, kuma da kuɗin asusun nan ta biya kafin alƙalamin ɗakin da za ta zauna a jami'a.